Sharhi kan na'urar Sentry: abin da allon jiragen kusa yake nuna wa matuƙi, da abin da ba ya nuna masa

Duk matuƙin ƙaramin jirgi da ya saba tashi a sararin da jirage suke da yawa ya san irin zullumin da ke kama mutum idan jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama ya kira shi ta rediyo ya ce akwai wani jirgi a gabansa ta hannun dama, tazarar mil uku, tsayinsu ɗaya, shi kuwa ya baza ido ta gilashi bai ga komai ba sai hazo da ƙyallin rana. An gaya masa jirgin yana nan, ya kuma yarda yana nan, amma ido ya ƙi kama shi, alhali kowace daƙiƙa tazarar raguwa take yi. Wannan zullumin ne ya sa na fara ɗaukar na'urar Sentry a jakar tafiyata, kuma bayan na daɗe ina aiki da ita na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin na'ura ce da ta cancanci yabo, amma yabon da ba a haɗa shi da bayanin iyakarta ba yana iya cutar da wanda ya dogara da shi.

Sentry ta fito a shekarar 2018. Kamfanin uAvionix ne ya ƙera ta domin manhajar ForeFlight, wadda ke aiki a kan iPad da iPhone, saboda haka ba a yin maganar ɗaya a bar ɗaya: na'urar ita ce kunne, manhajar kuma ita ce fuskar da matuƙi yake kallo. Ɗan ƙaramin akwati ne fari da bai cika tafin hannu ba, ana manna shi a tagar gefe da roba mai kama gilashi, yana magana da kwamfutar hannu ta Wi-Fi, batirinsa kuma yana kai wa awa 12 bisa ga abin da masu ƙera shi suka bayyana. A cikinsa akwai mai karɓar saƙon GPS daga tauraron ɗan Adam, da ma'aunin matsin iska, da abin gane karkatar jirgi, da abin shinshino gubar hayaƙin inji. Waɗannan zan taɓo su a gaba a taƙaice. Abin da ya sa yawancin matuƙa suke neman na'urar, kuma abin da nake son tsayawa a kansa, shi ne tana zana jiragen da ke kusa a kan taswirar da matuƙi yake tafiya da ita.

Ba za a gane ƙimar abin da take nunawa ba sai an san inda take samo shi. Shekara da shekaru rada ce idon jami'an kula da zirga-zirga: eriya tana juyawa a ƙasa tana aika tambaya, na'urar amsa kira da ke cikin jirgi, wadda matuƙa ke ce wa tiransifonda, tana mayar da lambar jirgin da tsayin da yake. Kowane zagaye na eriyar yana cin daƙiƙa 5 zuwa 12, gwargwadon irin radar, kuma hoton da aka samu a ƙasa yake tsayawa, matuƙi ba ya samun ko ɗigo daga cikinsa sai abin da aka karanta masa ta rediyo. Tsarin da ake kira ADS-B ya juya lamarin. A wannan tsari jirgin da kansa yake sanin inda yake ta hanyar GPS, sannan ya riƙa shelanta wurin, da tsayinsa, da saurinsa, da inda ya dosa, da sunan kiransa, kusan kowace daƙiƙa, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Shelar a buɗe take, tashar ƙasa tana ji, tauraron ɗan Adam yana ji, jirgin da ke kusa ma yana ji muddin yana da kunnen ji. Sentry ita ce wannan kunnen. Ba ta shelanta komai, sauraro kawai take yi, kuma a kan wannan bambanci tsakanin mai shela da mai sauraro ne duk sauran maganata ta ginu.

Zango biyu ake yin wannan shela a kansu. Na farko shi ne megahaz 1090, wanda duniya baki ɗaya ta amince da shi, kuma a kansa manyan jirage suke. Na biyu shi ne megahaz 978, wanda Amurka ta ware wa jiragen da ke tafiya ƙasa da ƙafa 18,000. Na'urar da take jin zango ɗaya kawai dole ta jira tashar ƙasa ta maimaita mata abin da aka faɗa a ɗaya zangon, idan kuwa jirgi ya yi ƙasa-ƙasa a tsakanin duwatsu ko ya yi nisa da tasha, maimaicin ba ya isowa. Sentry tana jin duka biyun kai tsaye daga jirgi zuwa jirgi, kuma a ganina wannan ne ya kamata mai saye ya fara dubawa a kowace na'ura irin wannan, kafin ya duba tsawon batir ko kyawun siffa.

A kan taswira kowane jirgi yana fitowa da siffar kan kibiya mai nuna inda ya fuskanta. A gefensa akwai lamba da alamar tarawa ko ta ɗebewa, wadda ake ƙirgawa da ɗaruruwan ƙafa, wato 5 da alamar tarawa na nufin yana sama da kai da ƙafa 500, sannan wata 'yar kibiya ta nuna ko hawa yake yi ko sauka. Idan ya matso har ya zama abin damuwa, launinsa yana sauyawa, murya kuma ta yi magana ta faɗi ɓangaren da yake bisa lissafin fuskar agogo, da nisansa, da bambancin tsayinku. Idan ta ce ƙarfe biyu, ana nufin gaba ta dama, kamar yadda lamba 2 take zaune a agogo idan hancin jirgi shi ne 12. Wannan muryar ita ce rabin amfanin na'urar, kuma ba a jin ta a cikin rugugin inji sai an haɗa kwamfutar hannun da abin sawa a kunne, ko ta Bluetooth ko ta waya. Na ga matuƙa da dama suna tashi ba su yi wannan haɗin ba, suna ganin allon kaɗai ya wadatar. Bai wadatar ba, domin allo sai an kalle shi yake magana, ita kuwa murya tana samun mutum ko idonsa yana waje, inda ya kamata ya kasance.

Me ya sa ido yake buƙatar wannan taimako tun farko? Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango wani abu, ya gane jirgi ne, ya gane karo za su yi, ya yanke shawara, ya motsa sitiyari, har jirgin ya amsa ya kauce, ana cin kimanin daƙiƙa 12.5. A ɗauka ƙananan jirage biyu suna fuskantar juna, kowanne yana gudun mil 120 a awa, da mil ɗin da matuƙa ke awo da shi, wanda ya kai mita 1,852. Tare suna cinye mil 4 a minti ɗaya, wato mil guda a daƙiƙa 15. Ke nan wanda bai hango ɗan'uwansa ba sai da tazarar ta koma mil ɗaya, kusan ba shi da wani rara. Ƙaramin jirgi kuwa a nisan mil biyu ko uku, idan ya fuskanto ka, bai fi ɗigon ƙura a gilashi ba. Akwai kuma wani abu mafi muni da lissafi ya tabbatar: jirgin da yake kan hanyar karo da kai ba ya motsi a gilashinka, a wuri ɗaya yake tsayawa yana girma a hankali, sai a daƙiƙun ƙarshe ya cika tagar gaba ɗaya. Idon ɗan Adam motsi yake saurin kamawa, saboda haka jirgin da ya fi hatsari shi ne wanda ya fi wuyar gani.

A nan ne Sentry take biyan buƙata, kuma ina faɗin haka ba tare da jan ƙafa ba. Neman jirgi a duk faɗin sararin sama daban yake da nemansa a ɗan yanki guda da aka nuna maka, aka kuma gaya maka ko sama da kai yake ko ƙasa. Sau da yawa nakan ga jirgi a allo tun yana da nisan mil goma, in san ta inda zai ɓullo, in sa ido a wurin har ya bayyana, ba tare da bugun zuciya ba. Amfanin ya fi fitowa a ƙananan filayen da ba su da hasumiya, inda kowa yake faɗin matsayinsa da bakinsa a rediyo, wani ya faɗa daidai, wani ya yi kuskure, wani ma ya manta ya sauya zango. A irin waɗannan filaye akwai wani hatsari da aka daɗe da sani: jirgi mai fiffike a sama, irin Cessna 172, ba ya ganin abin da ke bisansa, mai fiffike a ƙasa kuma, irin Piper Cherokee, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa, to idan mai fiffike a ƙasa ya biyo ta sama suna neman titi ɗaya, kowannensu yana cikin makantar ɗayan har su sauka a kan juna. Allon ba ruwansa da fiffike. Yana nuna na sama da na ƙasa da na baya duka, kuma ko don wannan kaɗai na'urar ta cancanci wurinta a taga.

Sai dai allon yana nuna waɗanda suka shelanta kansu ne kawai, kuma wannan magana ina so mai karatu ya riƙe ta fiye da duk yabon da ya gabata. A Amurka dokar da ta wajabta shelar ADS-B ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, amma a wasu sassan sarari ne kawai, kamar kewayen manyan filayen jirage da kuma sama da ƙafa 10,000. A wajen waɗannan sassan jirgi yana iya tashi bisa doka ba tare da ya shelanta komai ba, kuma an ɗauke wa jiragen da tun asali aka ƙera su ba wutar lantarki wani ɓangare na wannan nauyi. A Turai dokar ta shafi jiragen da nauyinsu ya haura kilo 5,700 ko gudunsu ya wuce mil 250 a awa, wanda ke nufin mafi yawan ƙananan jirage ba su shiga cikinta ba. Jiragen shawagi marasa inji a can galibi da wani tsari daban suke aiki, mai suna FLARM, wanda aka ƙirƙira a Suwizalan a 2004, kuma zangonsa ba na ADS-B ba ne. A ƙasashen da babu irin wannan doka ga ƙananan jirage, allon zai nuna manyan jiragen fasinja suna wucewa can sama, amma na kusa da kai, wanda shi ne abin tsoro, ƙila ba zai fito ba sam. Allo fari fes yana iya nufin babu kowa, yana kuma iya nufin wanda yake nan bai yi magana ba, kuma na'urar ba ta da hanyar bambance maka su.

Amurka ta yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi da wata hidima mai suna TIS-B, inda tashoshin ƙasa suke ɗaukar jiragen da rada ta gani, masu tiransifonda amma marasa ADS-B, su aika wa matuƙi bayaninsu. Hidima ce mai kyau, sai dai tana da sharaɗin da masu sayen na'urorin sauraro suke yawan tsallakewa. Tashar ba ta aika bayanin sai ga jirgin da shi ma yake shelanta kansa, kuma abin da take aikawa jiragen da ke cikin mil 15 ne a kewayensa, da ƙafa 3,500 sama da ƙasa. Wanda yake da Sentry kaɗai, jirginsa ba ya shela, tsintar bayanin da aka aika wa wani yake yi idan ya yi sa'ar wucewa kusa da shi, hoton da yake gani kuma an yanka shi ne a kan wancan jirgin, don haka yana iya cika a gefe ɗaya ya zama fanko a ɗaya gefen. Ƙari a kan haka, bayanin da ya biyo ta rada yana zuwa da jinkiri, kuma wani lokaci tsarin yakan dawo wa matuƙi da hoton jirginsa a matsayin baƙon jirgi manne da shi a tsayi ɗaya, musamman bayan juyi mai kaifi. Matuƙa suna kiran wannan fatalwa. Laifin tsarin ne gaba ɗaya, kowace na'urar sauraro tana iya gamuwa da shi, amma hatsarinsa shi ne wanda ya saba ganin fatalwa yana iya raina jirgin gaske ranar da ya zo.

Abin da ya faru kusa da garin Ketchikan na jihar Alaska ranar 13 ga Mayu, 2019, ya isa darasi. Jirage biyu masu sauka a ruwa, ɗaya Beaver ɗaya Otter, suna dawowa da masu yawon buɗe ido, suka yi karo da rana tsaka a sarari garau, mutum 6 suka rasu. Dukansu biyu suna da ADS-B, dukansu suna da allon nuna jiragen kusa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa jikin jiragen ya kare wa matuƙan ganin juna, kuma babu allon da ya yi gargaɗi a cikin biyun. Matuƙin Beaver yana da manhajar ForeFlight a kwamfutar hannu, wadda take iya gargaɗi, amma jirgin Otter ba ya shelanta tsayinsa na matsin iska saboda wata na'ura da ke cikinsa a kashe take, manhajar kuwa ba ta da abin da za ta auna kusancinsu da shi. Allon da ke cikin Otter shi kuma ba ya yin gargaɗi ko kaɗan a yadda aka haɗa shi a lokacin. Abin takaici shi ne Alaska ce jihar da aka fara gwada ADS-B a ƙananan jirage da gaske, a shirin Capstone da aka soma a 1999. Gargaɗin da kake jira a kunnenka ya dogara ne da wani maɓalli a cikin jirgin wani mutum, wanda ba ka gani kuma ba ka da iko a kansa.

Wani ruɗani da nake yawan ji shi ne ɗaukar wannan na'ura a matsayin ƙaramin TCAS. TCAS, tsarin kauce wa karo da manyan jirage suke ɗauke da shi, abu ne daban. Ba ya jiran kowa ya yi shela, shi yake aika tambaya a megahaz 1030 ga tiransifondar jiragen kusa, ya auna nisa daga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo. Yana fara gargaɗi da da'ira mai ruwan ɗorawa, idan kuma karo ya rage daƙiƙa 15 zuwa 35 alamar ta koma ja mai kusurwa huɗu, ya ba da umarnin hawa ko sauka, bayan ya daidaita da TCAS na ɗaya jirgin don kada su zaɓi hanya ɗaya. Da jini aka sayi wannan tsari. Karon San Diego na 1978, inda Boeing 727 ya haɗu da Cessna 172 mutum 144 suka mutu, da na Cerritos na 1986, inda DC-9 ya haɗu da ƙaramin Piper aka rasa mutum 82, su suka sa majalisar dokokin Amurka ta wajabta shi a 1987. Indiya ta bi sahu bayan karon Charkhi Dadri na 12 ga Nuwamba, 1996, tsakanin Boeing 747 na Saudiyya da Ilyushin 76 na Kazakistan, wanda ya ci rayuka 349. Sentry ba ta tambayar kowa, ba ta ba da umarni, ba ta daidaitawa da kowa, kuma babu hukumar da ta tantance ta a matsayin na'urar kauce wa karo. Bayaninta na faɗakarwa ne, masu ita ma haka suka ce.

Wannan ya kawo mu ga matsayin allon a tsakanin matuƙi da jami'in da ke ƙasa. A daren 1 ga Yuli, 2002, a saman Uberlingen da ke kudancin Jamus, TCAS ya umarci wani Tupolev 154 na Rasha ya hau, jami'in ƙasa kuma ya umarce shi ya sauka, matuƙan suka bi jami'in. Ɗaya jirgin, Boeing 757 na dakon kaya, ya bi nasa TCAS ɗin ya sauka, suka haɗu, mutum 71 suka mutu, yawancinsu yara. Bayan wannan aka fayyace doka a duniya: idan TCAS ya ba da umarni, shi ake bi ko da ya saɓa wa jami'i, kuma da zarar matuƙi ya sanar, jami'in ya daina ƙoƙarin sauya masa hanya har sai hatsarin ya wuce. Amma a lura, umarnin ne aka ba wannan fifiko, hoton da ke allo ba a ba shi ba. Ko matuƙin babban jirgi an hana shi kauce wa hanyar da aka ba shi don kawai ya ga alama a allon TCAS. Idan haka ne ga na'urar da aka tantance, ina ga akwatin da aka manna a taga?

Dalilin hanin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa zama kusa da jami'i yana aiki. Jami'in yana raba jirage da mil 5 a kan hanya, ko mil 3 a kusa da fili, ko ƙafa 1,000 a tsayi, kuma ya san abin da allon matuƙi ba zai taɓa sani ba, wato niyya. Ya san jirgin da ke hawa zuwa wajenka an riga an ce masa ya tsaya ƙafa 1,000 ƙasa da kai, ya san wancan zai juya hagu nan da minti ɗaya, ya san akwai na uku a wani zangon rediyo da ba ka saurare. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma a wannan fage babban shi ne wanda ke riƙe da shirin kowa. Matuƙin da ya ga kibiya ta nufo shi ya karkata da kansa ba tare da ya faɗa ba, yana iya barin tazarar da doka ta amince da ita ya faɗa hanyar wanda aka riga aka kauce masa. Hanyar da ta dace ita ce ya danna rediyo ya tambaya. A nan allon yana da amfani na gaske, domin tambayar da za ta fito daga bakinsa za ta zama takamaimiya, jami'in kuma ya amsa da kalma biyu.

Wannan ba ya nufin allon jiragen kusa ba shi da gurbi a aikin kula da zirga-zirga. Yana da shi, kuma gurbin faɗaɗa yake yi, amma da na'urorin da aka girka a jikin jirgi aka tantance, da matuƙan da aka horar, da izinin jami'i a kowane mataki. A saman teku, inda babu rada kuma a da ake raba jirage da tazara mai yawa, akwai tsarin da ke ba jirgi damar ratsa tsayin wani jirgi ya hau inda zai rage shan mai, idan allonsa ya nuna tazarar da ba ta gaza mil 15 ba, jami'i kuma ya amince. A wajen sauka akwai tsarin CAVS, wanda ke ba matuƙin da ya riga ya ga jirgin gabansa da ido damar ci gaba da bin sa ta allo idan hazo ko hasken rana ya ɓatar masa da shi na ɗan lokaci. Akwai kuma tsarin da jami'i yake ce wa matuƙi ya riƙe tazarar daƙiƙa kaza a bayan jirgi kaza, na'urar ta riƙa lissafa masa saurin da zai yi. Kamfanin dakon kaya na UPS ya gwada irin wannan a filinsa na Louisville, kamfanin American Airlines kuma ya gwada da jiragensa A321 a sararin Albuquerque da Dallas. A duk waɗannan jami'in ne yake miƙa wani yanki na aikin da bakinsa, matuƙi bai karɓe shi da kansa ba.

Karon da aka yi a saman kogin Potomac a birnin Washinton ranar 29 ga Janairu, 2025, tsakanin jirgin fasinja CRJ700 da jirgin soja mai saukar ungulu, inda mutum 67 suka rasu, ya sake tayar da maganar. Jirgin sojan ba ya shelanta ADS-B, matuƙansa sun karɓi alhakin kauce wa jirgin fasinjan da ido, TCAS kuwa an tsara shi ne ya daina ba da umarnin hawa ko sauka idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, don kada ya tura shi cikin ƙasa. Wato a daidai inda jirage suka fi cunkushewa, kusa da titin sauka, a nan garkuwar ƙarshe take janyewa, NTSB kuma ta daɗe tana kiran a wajabta sauraron ADS-B tare da shelarsa.

Game da amfani na yau da kullum, abubuwa kaɗan zan ambata. Inda aka manna na'urar yana da tasiri sosai, domin jikin jirgi na ƙarfe yana tare saƙon da ke zuwa daga ɗaya gefen, kuma eriyar da ke cikin ɗaki ba za ta taɓa kai wadda aka girka a waje ba. Kowace kwamfutar hannu da aka bari a rana a bayan gilashi tana iya yin zafi ta kashe kanta, saboda haka a nema mata inuwa da iska. Tsarin duka a kan GPS ya tsaya, a 'yan shekarun nan kuma an samu yawaitar toshe saƙon GPS da aika na ƙarya a kewayen tekun Baltik da Bahar Aswad da Gabas ta Tsakiya, shelar ADS-B kuwa ba ta da hatimin da ke tabbatar da mai yin ta. Kasancewar an gina na'urar domin ForeFlight yana nufin mai amfani da wata manhaja ya duba wasu, irin su GDL 50 na Garmin ko Stratus na Appareo. Bayanin yanayi na kyauta da take karɓa a zangon 978 hidima ce ta Amurka, kada wanda zai tashi a wata ƙasa ya sa rai da shi. Abin gane karkatar jirgi na ranar da kayan aikin gaba suka mutu ne, ba na tafiyar kullum ba. Mai shinshino gubar hayaƙi kuwa ina ganin darajarsa ƙwarai, domin wannan iska ba ta da wari ko launi, kuma a ƙananan jirage ɗumin ɗaki daga jikin bututun hayaƙi ake ɗebo shi, tsaga ɗaya ta isa ta shigo da ita.

Akwai aibi ɗaya da ba na na'urar ba ne, na mai riƙe da ita ne, kuma na same shi a kaina. Allon yana jan ido. A watannin farko na lura ina daɗewa da kai a sunkuye ina bin kibiyoyin da suke mil ashirin daga gare ni, waɗanda ba su shafe ni da komai ba, alhali gilashin gaba babu mai tsaronsa. Maganin da na samu shi ne kunna tacewar da ke ɓoye jiragen nesa, da rage faɗin taswira idan na kusa fili, da barin murya ta kira ni maimakon in riƙa leƙe. Duk mai koyar da tuƙi da ya ba ɗalibi wannan na'ura ya kamata ya sa ido a kan idon ɗalibin, ya ga ina yake kallo.

Ina ba duk matuƙin ƙaramin jirgi shawarar ya mallaki Sentry ko makamanciyarta mai jin zango biyu, musamman mai hayar jirage daban-daban da ba shi da ikon girka komai a jikinsu. Mai jirgin kansa kuwa, idan zaɓi ɗaya gare shi, ya fara girka na'urar shela, domin ita ce take sa wasu su gan shi, ita ce kuma take buɗe masa cikakken hoton da tashoshin ƙasa suke aikawa a inda ake da su. Sauraro ba tare da shela ba cin moriyar wasu ne ba tare da an ba su komai ba.

Idan jami'i ya kira ni ya ce akwai jirgi a ƙarfe biyu, mil uku, sau da yawa na riga na gan shi a allo tun kafin ya yi magana. Duk da haka ba na ce masa na gan shi. Wannan kalma tana da nauyi a doka, domin da zarar na furta ta yana iya miƙa mini alhakin raba kaina da wancan jirgin, ya juya ga wasu, kibiyar da nake kallo kuma ƙila ta wani jirgi ce daban da wanda yake nufi. Gaya masa cewa ina da shi a allo ba ya ƙara masa komai, ba ya kuma sauke masa nauyi. Abin da nake cewa shi ne ina nema, in ɗaga kai in kai ido inda allon ya nuna, sai na ga fiffikensa ta gilashi, na tabbatar irin jirgin da aka faɗa mini ne, sannan in danna maɓallin rediyo in ce na gan shi.